Kunun Yayen Bushra

Ranar da aka kawo Bushra yaye Morai, Inna Saude ta buɗe rumbun da ta yi wata goma sha ɗaya ba ta bari kowa ya leƙa ba. Masarar da ke ciki ita ce noman ƙarshe na mijinta, Malam Maiwada. Da hannunsa ya zuba ta, bayan sati uku ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Tun daga nan tsohuwar ta gwammace ta auno gero a kasuwa da ta taɓa ko zangarniya ɗaya. Amma ga jikarta ta fari an kawo mata, wa ya fi ta cancantar cin gumin kakanta?

Uwar yarinyar, Fiddausi, ta koma gidan mijinta a Birnin Tudu tana share hawaye, Inna na yi mata tsiya wai ko 'yar da aka yaye ba ta yi wannan kukan ba.

Sai dai jinkar rumbun ta yi yoyo da damina, tun da mai gyara ta ba ya nan. Gefe guda na masarar ya yi funfuna, kore-kore da rawaya, yana warin ɗaki rufaffe. Inna Saude ba ƙazama ba ce, duk Morai an shaide ta. Ta zauna da faifai tana tsince ƙwaya ɗaya-ɗaya. Masu kyan gani ta wanke su sau uku, ta shanya, ta kai inji, ta riƙa dama kunu da gyaɗa. Waɗanda suka lalace kuwa ta watsa wa kajinta, don a ganinta zubar da hatsi alhaki ne, kaza kuma ba ta san ƙyama ba.

Bushra ta karɓi kunun hannu biyu. Kwana uku kawai ta yi rigimar nono, daga nan sai bin Inna da kofi tana "ƙala, ƙala", wai a ƙara. Daɗi ya cika tsohuwar har ba ta san inda za ta sa kanta ba.

A sati na biyu kajin suka daina ƙwai. 'Yan tsaki suka fara mutuwa, yau biyu gobe uku, sannan babbar kazarta mai wake-wake ta bi su. Inna ta aika aka kira Muttaka, malamin dabbobi da ke zuwa daga Talata Mafara a kan babur. Bayan sun gaisa, sun tambayi gida da gajiya da zafi da haƙurin rashi, ya tsuguna ya feɗe kazar. Hantar ta kumbura, ta yi fari-fari da rawaya, yana taɓawa tana marmashewa.

"Inna, mi kika ba su suna ci?"

Ta nuna masa ragowar tsintar. Ya shinshina, ya girgiza kai.

"Wagga hunhuna dahi gare ta, Inna. Hanta taka kamawa, ta kaza da ta mutum. Yara kau tana hana su girma."

"To ai shi ya sa ban ba mutum ba. Mai kyawon niw wanke, nid dahwa."

"Wanki ba ya hidda shi, wuta ba ta kashe shi. In rumbu guda sunka hito, ido ba ya iya rarrabe su. Wa ka cin mai kyawon?"

A daidai lokacin Bushra ta fito daga ɗaki da kofinta, kunu ya yi mata gemu. Inna ta karɓe kofin a hankali, ta goge bakin yarinyar da bakin zanenta, ta yi ta gogewa har bayan babu abin gogewa.

A ranar Inna ta goya Bushra, Muttaka ya kai su asibiti a Mafara. Likita ya duba idanun Bushra, ya danna cikinta, aka ɗebi jini. Ya ce bai ga abin tashin hankali ba a yanzu, Allah ya sa an gane da wuri, amma kada ta ƙara ɗanɗana masarar nan, kuma a dawo da ita bayan wata ɗaya. Da suka koma gida aka haƙa rami mai zurfi a bayan gari aka binne masarar duka. Inna ta tsaya har aka gama mayar da ƙasa, ta yi wa Malam addu'a, ta yi kukanta.

Saura faɗa wa Fiddausi, kuma wannan ya fi komai yi mata nauyi. Za ta iya yin shiru, babu mai tona ta. Amma ta ari waya ta faɗa mata komai, ba ta rage ko kalma ba.

Washegari da hantsi Fiddausi ta yi sallama da buhu a kai. Ta tarar an ɗaure kayan Bushra a ɗankwali, an ajiye a bakin ƙofa.

"Ga ɗiyarki nan," in ji Inna, kanta a ƙasa. "Amana kinka ba ni, da hannuna niɗ ɗura mata dahi. Tahi da ita."

Fiddausi ta ɗauki 'yarta ta rungume, ta daɗe tana duba idanunta. Sannan ta sauke ta a cinyar Inna, ta tsuguna ta kwance ɗankwalin, ta mayar da 'yan rigunan ɗaki. Ta jawo buhun ta buɗe, sabon gero ne busasshe ƙayau daga gonar mijinta.

"Inna, yayen bai ƙare ba," ta ce. "Ki dama mata da wanga. Ni ban iya kununki ba, kuma ba wanda zan bar wa ita in yi barci sai ke."