Ƙwayoyi a Cikin Safa

"Umma, idan Abba ya mutu wuta za a saka shi?"

Umma tana durƙushe tana ɗaure wa 'yarta igiyar takalmin makaranta tambayar ta faɗo mata a ka. Ba ta ɗago ba. Ƙofar ɗakin Kaka a buɗe take, rediyonsa kuma ya yi tsit. A banɗaki, inda Abba yake aski, ƙarar famfo ta ɗauke.

Ta tambayi yarinyar wa ya gaya mata haka.

"Ba kowa. Kaka ne ya ce duk wanda ba ya salla wuta zai shiga. Ni kuma na duba, Abba ba ya yi."

Umma ta ce mata ta ɗauki jakarta sun makara. Iyakar amsar da yarinyar ta samu ke nan a ranar.

Su huɗu ne a gidan, ɗaki biyu da falo a hawa na sama. Kaka mahaifin Umma ne, tsohon mai gyaran agogo, ya dawo wurinsu bayan rasuwar matarsa, ɗauke da akwatin kayan aikinsa da dardumarsa. Abba malamin kimiyya ne a sakandare. An kwana biyu da ya sami Umma tana guga ya zauna a bakin gado ya ce mata shi fa zuciyarsa ta daina gaskata abin da ya tashi a kai, ya yi ƙoƙari har ya gaji, kuma ba ya son ya ci gaba da yi mata ƙarya. Ta yi kuka har rigar da take gogewa ta ƙone. Ba ta tafi ba. Tana yi masa addu'a a kowace sujada, tana kuma rufa masa asiri. Idan Kaka ya tambaya sai ta ce ya yi salla a makaranta, wani lokaci har ta shimfiɗa darduma a ɗakinsu ta ɗan yamutsa ta. Ashe akwai mai ido a gidan da ba a yi lissafi da ita ba.

Yarinyar shekararta bakwai. Tun tana ƙarama aka gano tana da farfaɗiya, aka ɗora ta a kan wata farar ƙwaya safe da yamma, kuma tun da aka dace da maganin ba ta sake faɗuwa ba. Kaka yana kiranta Uwargida, yana tsokanarta wai ba ta iya dafa masa shayi ba zai sake ta, ita kuma ta ce masa wa zai auri tsoho marar haƙori. Abba yana kiranta Farfesa. Umma ce kaɗai take ce mata 'yata.

Daga ranar tambayar nan Kaka bai sake gaisawa da surukinsa ba, amma bai yi masa faɗa ba. Shi ma Abba bai tare shi da maganar ba. Sai kowannensu ya koma yana aika saƙonsa ta kan yarinyar. Da zarar ta haɗiye ƙwayarta, Kaka zai kira ta ya dafa kanta ya tofa mata addu'a, ya ɗaga murya yadda za a ji a falo ya ce ba wannan ɗan farin abin ne yake tsare ta ba, Allah ne, kuma wanda ya dogara gare shi da gaske ba ya buƙatar komai. Abba kuwa ya sayo kofunan roba ya jera a taga, suka shuka wake shi da Farfesa, wannan a ba shi ruwa, wancan a hana shi, wani a rufe shi da kwali. Ya ce mata kada ta yarda da magana don babba ne ya faɗa, ko da shi ne. In tana son ta san abin da yake aiki, ta cire shi ta ga abin da zai faru. Shi ma da ƙarfi yake faɗa, yana kallon ƙofar Kaka.

Umma ta ji duka biyun, ta kuma ga kowanne da gaskiyarsa. Ta ce a ranta gara su yi ta haka da su yi cacar baki.

A ɗakin magani na wani asibiti take aiki, bayan wata 'yar taga mai ƙarfuna. Yini take tana zuba ƙwayoyi a ƙananan ledoji, tana zana layi ɗaya, layi biyu, layi uku a jikinsu saboda waɗanda ba su iya karatu ba, tana maimaita wa kowa kada ya tsallake ko da ya ji sauƙi. A wurinta babu wani faɗa tsakanin ƙwaya da addu'a. Bisimilla take yi ta miƙa. Idan azahar ta yi, ta shiga sito ta ture katan-katan ta yi sallarta a tsakanin kwalaben ruwan ƙarin jini, nan ne kawai take iya yin kuka ba wanda ya tambaye ta dalili. Ba ta da wanda za ta gaya wa. Abokiyar aikinta kirki gare ta, amma bakinta ba ya riƙe magana, kafin la'asar an ji a ɗakin haihuwa. Yayarta kuwa ta san abin da za ta ce, ki kwaso 'yarki ki fito. Abokan Abba idan sun zo suna gaishe ta da girmamawa, amma ta sha ganin irin murmushin da suke yi in ta tashi salla, kamar na wanda ya ga yaro yana magana da 'yar tsana. Sai ta haɗiye abinta.

Wata safiya yarinyar ta ce ita fa ta girma, a bar ta ta riƙa shan maganinta da kanta. Umma tana neman ɗan kunnenta ɗaya, motar ma'aikata tana ƙasa tana hon. Ta ji daɗi har ta sumbace ta a goshi. Daga nan sai dai ta leƙa kwalbar ta ga tana raguwa yadda ya kamata, ta ce madalla.

Tana tsakiyar zana layi a leda aka kira ta a waya daga makaranta. Yarinyar ta faɗi a filin wasa, ta bugi bakinta a kan siminti, jikinta ya daɗe bai saki ba. Asibitin da Umma take aiki aka kawo ta. Ta fito da gudu da farar rigar aiki, ta ga 'yarta a kan gadon turawa, leɓe a fashe, gaban rigar duk jini da ƙasa.

Likita ya tambaye ta ko an tsallake magani. Umma ta ce ko sau ɗaya. Ta faɗa da ƙarfin gwiwar mai sana'ar, har likitan ya ba ta haƙuri.

Da yarinyar ta samu barci, Umma ta koma gida ɗebo mata kaya. Gidan ba kowa, maza biyun suna asibiti, kowa a ƙarshen bencinsa. Ta jawo aljihun kabad ta ɗauki riguna, ta kai hannu kan safa. Ɗaya ta ji ta da nauyi, an ƙulle bakinta. Ta kwance ta zazzage a tafin hannunta. Fararen ƙwayoyi ne, wasu sun fara marmashewa, sun cika mata hannu har suna zuba ƙasa. Ta zauna a bakin ɗan gadon. A taga waken da aka ba ruwa ya yi tsawo ya jingina da gilashi, wanda aka hana ya bushe a kofinsa. Ta daɗe a zaune, hannunta a buɗe, ba ta san ma tana jiran wani ya shigo ya ce mata wani abu ba sai da ta ga ba mai shigowa.

Da yamma yarinyar ta farka. Umma ta ja labule ta zauna kusa da ita, ta nuna mata safar, ba ta ɗaga murya ba. Yarinyar ta kalli safar ta kalli silin. Leɓenta ya kumbura, maganar tana fita da ƙyar.

"Gwaji nake yi. Abba ya ce a cire abu a gani. Na cire ƙwaya na bar addu'a."

"Don me, 'yata?"

"In ban faɗi ba, zan nuna wa Abba safar. Sai ya yarda ya yi salla." Hawaye ya gangara ya shige kunnenta. "Kullum ina yi, Umma, har da wadda Kaka ya koya min mai tsawo. Ko ni ce ban iya ba?"

Umma ta ce mata ta iya, ta fi kowa iyawa. Ta ce Allah ba ya fushi da mai shan magani, kuma gyaran Abba ba aikinta ba ne, ba a ɗora wa 'yar shekara bakwai wannan kayan. Yarinyar ta gyaɗa kai irin na wanda ya gaji, ba na wanda ya gamsu ba.

A baranda Umma ta tsaya tsakanin mahaifinta da mijinta ta buɗe hannunta, ta gaya musu abin da yarinyar ta ce, kalma da kalma. Ta zaci wannan zai kashe gardamar. Bai kashe ba. Kaka ne ya fara, ya ce ga abin da zama da marar imani ya jawo, an koya wa jikarsa ta gwada Ubangijinta kamar wake a kofi. Ko dai mutumin nan ya tashi ya fuskanci alƙibla a gabansa yau ɗin nan, ko kuma Umma ta haɗa kayanta da na 'yarta. Sai Abba ya karɓe. Ya ce shi bai taɓa tsoratar da yaro da wuta ba. Daga yau ba ya son a sake tofa wa 'yarsa komai, ba ya son a koya mata ko harafi ɗaya sai ta girma ta zaɓa da kanta, in ba haka ba tsoho ya nemi wani wurin zama.

Duk su biyun ita suke kallo.

"Baba," in ji ta, "in ya tashi ya yi sallar don tsoronka, kai ya yi wa. Ni ma ina so ya yi, na fi ka so, amma ba irin wannan ba." Ta juya wurin mijinta. "Kai kuma da kake cewa a bar ka da abin da ke zuciyarka, ita ba ta da zuciya ne? Tana son addu'arta. Ba za ka ƙwace mata ba."

Sannan ta faɗa musu yadda za a yi, kamar tana yi wa majinyaci bayani ta taga. Magani daga hannunta zai riƙa fita, ita za ta ga an haɗiye, kuma ba wanda zai sake cewa komai a kansa. Kaka ya koya wa jikarsa addu'a, ban da zancen wanda zai shiga wuta. Abba ya yi ta shuka wakensa, ban da habaici. Mai magana da ɗan'uwansa ya tashi ya same shi, ƙofa da ƙofa ne. Ba ta kori kowa ba, ba kuma za ta bi kowa ba.

Ba wanda ya gode mata. Kaka ya ce ta zaɓi miji ta bar uba. Abba ya ce a hankali, bayan tsohon ya wuce, ashe har yanzu ba ta fahimce shi ba.

Aka sallamo yarinyar, leɓen ya warke ya bar ɗan tabo. Gidan ya bi dokar Umma, sai dai ya yi sanyi. Kaka yana cin abincinsa a ɗaki, yana kwance agogunan da lafiyarsu ƙalau yana sake ɗaurawa. Abba yana daɗewa a makaranta. Safe da yamma Umma tana ɗora ƙwaya a harshen 'yarta, ta ba ta ruwa, ta ce ta buɗe baki, ta ɗaga harshe. Yarinyar tana yi ba musu. Idan Kaka ya kira Uwargida ta je ta karanta abin da ya koya mata daidai. Idan Abba ya kira Farfesa ta je ta ba shi amsar da yake so. Kafin ta buɗe baki sai ta fara duban fuskar wanda yake gabanta, ta auna. Ran nan Umma tana taje mata kai ta tambaye ta me take tunani, yarinyar ta kalle ta ta cikin madubi ta ce, "Me kike so in ce?"

Umma ta ci gaba da taje kan a hankali. Ta san ƙwayar za ta tsare jikin. Wannan ɗaya ciwon kuwa ba ta da ledar da za ta zana masa layi, sai dai ta zauna kusa ta jira, ko da ita kaɗai ce mai jiran.

Kai mai karatu, ko kana salla ko ba ka yi, in kana da gardama da wani babba a gidanku, ka je ka same shi ku yi ta a tsakaninku. Kada ka bi ta kan yaro. Yaro ba ya gane habaici, duk abin da ka faɗa da gaske yake ɗaukarsa, kuma ba shi da inda zai gwada maganarka sai a jikinsa.