Baban Hadassah

Tun ranar da Jemimah ta haifi 'yarta ta fari, sunan mijinta Samson ya ɓace a bakin mutanen Barnawa. Baban Hadassah ake cewa. A coci haka, a wurin mai aski haka, hatta abokan aikinsa na Kakuri da haka suke kiransa. Ita kuwa yarinyar, in ta ji an kira sunan daga bakin get, sai ta riga kowa tashi ta sheƙa ta buɗe, kamar ita ake nema. Yanzu shekarunta goma sha ɗaya, tana da ƙanne mata biyu, Hephzibah da Becky, ga kuma uwarsu da ciki na huɗu ya fito sosai.

Wannan cikin ne ya jawo fitinar da ake kira fatin bayyana namiji ko mace. Vicky, yayar Samson, ita ta kwaso abin daga waya. Irin matan nan ne da in Bature ya yi tari a intanet, gobe za ka same su da mura. Wai a tara jama'a, a kafa rumfa, a kawo ƙaton balan-balan baƙi, uban ciki ya huda shi da allura a gaban kowa. In shuɗin gari ya zubo namiji ne, in ruwan hoda ya zubo mace ce. Cikin da iyayenmu ke rufewa da babban zane har sai an ji kukan jariri, yau shi ake yi wa kiɗa da lasifika. Vicky ce ta raka Jemimah asibiti ɗaukar hoton ciki, ta lallaɓa mai hoton ya raɗa mata abin da ya gani a kunne, ita kaɗai. Mai cikin ma ba a gaya mata ba, wai kar a ɓata mata mamaki.

Wane mamaki? Duk wanda ya ga Vicky ta yi hayar rumfa biyu da kujeru a wurin Malam Jamilu, ya kuma ga uwar Samson ta taso tun daga Zonkwa da buhun acca da ɗan akuya, ya san ba don mace ta huɗu ake wannan hidima ba.

Jemimah ba ɗa namiji take ƙi ba. Wace uwa ce za ta ƙi abin da Allah ya sa mata a ciki? Abin da ke ci mata rai daban ne. Surukarta, kowa Maman Samson yake ce mata, alhali Vicky ce 'yar fari. A da Maman Vicky ake kiranta. Ranar da aka haifi Samson aka sauya, kamar yadda ake sauya labule. Haka suke yi a gidan, kaka da kakanni: namiji na zuwa, sai a cire sunan 'yar fari daga jikin iyayenta a liƙa nasa. Shi ne abin da Jemimah ta rantse ba za a yi wa Hadassah ba.

Da safiyar Asabar ɗin da za a yi fatin ta sami Samson a ɗaki yana gugar farar rigarsa.

"Baban Hadassah, na haƙura da fatin nan tunda kai da Anti Vicky kun nace. Abu ɗaya nake roƙo."

"Ina jin ki."

"Ko wace kala ce ta zubo, sunan nan yana nan yadda yake. Kar ka bari a taɓa shi."

Ya yi dariya, ya ajiye dutsen guga. "Haba, Maman Hadassah. Wa ke wannan a zamanin nan? Wannan ai sha'anin ƙauye ne."

"Mama tana falo. Daga ƙauyen ta zo."

"To na ji. Na yi alkawari."

"Ka dube ni ka faɗa."

Ya dube ta ya faɗa. Samson ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya. Mutum ne dai wanda in yana tare da kai naka ne, in ya fita waje kuma na duk wanda ya fara kama hannunsa ne.

Da la'asar tsakar gida ta cika. 'Yan zumuntar mata sun zo da ankonsu, abokan Samson sun jeru kusa da kular lemo, maƙwabta suna leƙe ta kan katanga. Sai ga wata dabarar Vicky: kowane baƙo zai ɗaura ƙyalle a wuyan hannu, shuɗi in yana fatan namiji, ruwan hoda in yana fatan mace. Kuma don rashin tunani, wa ta ba farantin ƙyallayen ta tsaya da shi a bakin get? Hadassah.

Jemimah na zaune a kujerar da aka ƙawata mata, ƙafafu a kumbure, tana kallon hannaye suna shiga farantin nan. Shuɗi, shuɗi, shuɗi. Wata dattijuwa ta ɗaga na ruwan hoda da yatsu biyu, ta sake shi, ta ce wa yarinyar a fuska, "Allah ya kiyaye, 'yata. Ai kun isa haka." Aka yi dariya. Hadassah ma ta yi murmushi, don an koya mata ladabi. Da shuɗin ya ƙare aka yaga wani tsohon ɗankwali aka ƙara. Na ruwan hoda kuwa suna nan tuli guda, sai uku da yarinyar ta ɗaura wa kanta da ƙannenta. Ta kai wa ubanta ɗaya. Ya shafa kanta, ya ce, "Bari in ajiye," ya tura a aljihu.

Aka kira wani dattijon coci ya buɗe taro da addu'a. Ya yi godiya don abinci, ya yi godiya don lafiya, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Ya Ubangiji, ka dubi bawanka Samson, ka share masa hawaye yau." Jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi. Jemimah ta buɗe ido a tsakiyar addu'ar. Hawayen me? Wa ya mutu? Mutum da 'ya'ya uku lafiyayyu, babbar tana zuwa ta ɗaya a aji, ta tsakiya tana waƙa a kwayar coci, autar ba ta barci sai a ƙirjinsa, shi ne ake roƙa wa a share masa hawaye. Ta so ta tanka, amma ta haɗiye, don ba a tsinka addu'a.

Sai aka kawo balan-balan ɗin. Vicky ta ja Jemimah ta tsayar da ita kusa da mijinta, ta gyara mata zane don cikin ya fito a hoto. Wayoyi suka tashi sama. Samson ya ɗaga allura ya soka.

Shuɗin gari ya watsu a kansu.

Guɗa ta ɓarke. Mai kiɗa ya saki sauti har ƙasa na girgiza. Samson ya durƙusa a kan siminti ya rufe fuska yana kuka da gaske, kafaɗunsa na tsalle. Jemimah ta tsaya tana kallon ƙeyarsa. Sau uku ta haihu a gabansa, ba ta taɓa ganin ya yi wannan kukan ba. Duk da haka ta dafa cikinta ta ce a ranta, sannu da zuwa, ɗana, kai ba ruwanka.

Ba a gama guɗar ba tsohuwar Samson ta taso tana rawa da sandarta, ta fizge abin magana daga hannun mai gabatarwa.

"Jama'a, ku taya ni murna. Yau ɗana ya haihu. Yau gidan marigayi Yakubu ya tsaya da ƙafarsa. Na riga na ba yaron suna, Joshua ne." Ta juya ta nuna Samson da sanda. "Daga yau kar in ƙara jin wani ya ce Baban Hadassah. Ga Baban Joshua nan."

Abokansa suka ɗauka kamar waƙa. Baban Joshua, Baban Joshua. Suka ɗaga shi sama suna zagaya rumfa da shi. Jemimah ta kafa masa ido tana jira. Kalma ɗaya ta isa. Ya karɓi abin magana ya ce, Mama, a bar suna yadda yake, shi ke nan. Idonsu ya haɗu, ta tabbata ya gan ta. Sai wani ya sake ƙwala sabon sunan daga bayan rumfa, Samson ya ɗaga hannu yana dariya ya ce, "Na'am."

Jemimah ta waiga neman 'yarta. Tana can bakin get inda aka ajiye ta, da farantinta a hannu, shuɗin gari ya sauka a kan kitsonta. Ba kuka take ba. Kallon ubanta kawai take, bakinta a ɗan buɗe.

Jemimah ta bar wurin ta shiga kicin. Can ta tarar da Vicky tana zuba shinkafa a robobi, fuskarta sai ƙyalli take don daɗi.

"Maman Joshua! Kin ga yadda abin ya yi kyau? Bidiyon nan sai ya zaga Kaduna."

"Kar ki ƙara kira na da sunan nan."

Vicky ta tsaya da ludayi a hannu.

"Anti Vicky, ke da kanki? Ko wani bai san abin da aka yi wa yarinyar nan yau ba, ke kin sani. Shekarunki nawa ranar da aka daina cewa Maman Vicky? Kina da wayo ai. Kin manta yadda kika ji ne, da za ki yi hayar rumfa da mai kiɗa a yi wa 'yata a gaban duk unguwa? Ke naki ma a ɗaki aka yi. Nata da lasifika."

Fuskar Vicky ta canza. Ta juya baya ta ci gaba da zuba shinkafa, tana danna ta da ƙarfi fiye da yadda ake bukata.

"Ina aji ɗaya a firamare," ta ce a ƙarshe. "Na dawo makaranta na ji maƙwabciya tana cewa Maman Samson. Na ce mata ba sunanta ba ke nan. Mama ta mare ni." Ta rufe robar. "To na mutu? Ga ni nan da shagona da motata. Ana sabawa, Jemimah. Gara ta sani tun yanzu."

"Ta san me?"

"Ta san inda take."

Da a ce Vicky ta yi zagi ne, da Jemimah ta rama ta huce. Wannan maganar kuwa ba ta da abin ramawa. Ta fito daga kicin, ta wuce ɗaki ta rufe ƙofa, ta bar su da kek ɗinsu.

Kafin rana ta faɗi baƙi sun watse. Samson ya shigo ɗaki da farar rigarsa duk ta rine, yana murmushin wanda ya san ya yi laifi.

"Ranki ya daɗe, fushi ake?"

"Da safe me ka ce min a ɗakin nan?"

"Kin san Mama. A gaban mutane zan ƙaryata ta? Wasa ne kawai na fati, gobe kowa ya manta."

"Ka amsa, Samson. Da bakinka ka ce na'am." Rabon da ta kira sunansa tsirara tun suna saurayi da budurwa, sai da ya ɗago kai. "Yaron nan ko numfashi bai fara ba, ko fuskarsa ba ka gani ba, ka tuɓe wa 'yarka abin da take taƙama da shi ka ba shi. Wa ke wanke maka safa? Wace ce ta zauna a kanka da kofin kunu lokacin da zazzaɓi ya kwantar da kai? Sa hannu a aljihunka."

Ya sa. Ƙyallen ruwan hoda ya fito a cukurkuɗe, ya jiƙe da gumi. Ya tsaya yana kallonsa, murmushin ya gudu.

"Zan yi mata magana," ya ce a hankali. "Zan gyara. Gobe a coci ma zan gaya wa kowa."

"Je ka yanzu."

Suka fito tare. Tsakar gida ta koma juji, robobi da ƙasusuwa da yagaggen balan-balan. Hadassah na can tana tara kujeru, ba wanda ya sa ta. Samson ya buɗe baki zai kira ta ke nan, sai aka buga get. Malam Jamilu ne ya zo kwasar kujerunsa da a-kori-kura. Shi bai halarci fati ba, bai san wainar da aka toya ba.

"Salamu alaikum. Baban Hadassah yana ciki?"

Samson ya yi sauri ya taka zai amsa, har da ɗaga hannun da ke riƙe da ƙyallen. Amma yarinyar ta fi shi kusa da get. Ba ta yi gudun da ta saba ba. Ta ajiye kujerar hannunta, ta je ta zare sakata, ta ɗan rusuna kamar yadda uwarta ta koya mata.

"Ina wuni, Malam. Yana ciki. Amma Baban Joshua ake cewa yanzu."

"Au, haka ne? To madalla, Allah ya raya."

"Amin," in ji ta.

Samson ya tsaya cak a tsakiyar gida. Jemimah ta ratsa ta gefensa ba ta ko dube shi ba, ta kama kafaɗun 'yarta ta juyo da ita. Ta so ta ga hawaye, wallahi ta so, don hawaye ana share su. Idon yarinyar a bushe yake.

"Hadassah, wa ya ce ki faɗi haka?"

"Ba kowa, Momi." Ta sa hannu ta kakkaɓe wa uwarta shuɗin garin da ya maƙale a zanenta, daidai kan cikin. "Kar ki damu. Anti Vicky ta ce ana sabawa."

Ta koma ta ɗauki kujerarta ta miƙa wa Malam Jamilu.