Dutsen Niƙan Micaela

Nayo mai jirgin ruwa ya ɗaga ƙunshin da hannu ɗaya ya cilla shi saman rumfa. Katifa ce da barguna da 'yan tufafi, tsayinsu ya kusa ƙirjin mutum. Da ya sunkuya zai ɗauki ƙaramin buhun da ke gefe, sai buhun ya ƙi motsi.

"Kai! Don Cirilo, me ka zuba a nan? Ginin coci ka ɓallo?"

"Dutsen niƙan marigayiya ne," in ji tsohon, wanda "Don" ɗin gaban sunansa laƙabin girmamawa ne. "Ai bai fi kwando ba. Ƙarƙashin benci zai shige."

"Wuri kam akwai, Kaka. Amma ruwa ba ya duba girma, nauyi yake ji. Leƙa ka gani."

Cirilo ya leƙa. Jirgin ya sha buhunan albasa da mutane, saura taƙi guda ruwan tafkin ya kai bakinsa. Ga iskar la'asar ta fara taso da igiyar ruwa.

"To, sauke katifar ka sa shi."

"Katifarka ai iska ce a cikin zane. Ko goma na sauke ba su kai shi ba. Kai kanka dutsen nan ya fi ka nauyi. Sai dai ka roƙi Don Fermín ya sauka, shi kaɗai ya yi dutse uku."

"Uwarka ce ta auna ni?" in ji Don Fermín, wani ƙaton mutum, daga baya. Jirgi ya kece da dariya.

Cirilo bai yi dariya ba. Tun da matarsa Micaela ta rasu 'yarsu Floridalma take matsa masa ya koma wurinta a babban birni. Ɗakin da ta tanadar masa ɗan ƙarami ne a bayan kicin, don haka ta ja masa kunne a waya: "Baba, kada ka kwaso tarkace. Abin da zai shiga lungu kawai." Ya zagaya gidan ya rasa abin da ya fi dutsen ƙanƙanta cikin abubuwan da ba zai iya bari ba. Maƙwabta biyu suka sauko masa da shi daga kan tudu, suka yi masa sallama suka koma. Gidan ma ya riga ya miƙa wa ɗan ƙanensa makulli.

"Sauko min da ƙunshina," ya ce. "Zan jira na baya."

"Na bayan ma albasa zai ɗauka, Kaka."

"Na ji. Sauko da shi."

Jirgi ya tafi. Cirilo ya zauna a kan gadar katako, katifa a dama, dutse a hagu. Babu wanda ya rage sai wani kare da Doña Tecla, mai tuyar wainar masara a bakin tasha. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta kawo masa waina biyu da gishiri.

"Floridalma za ta yi niƙa a kansa?"

"Injin lantarki gare ta."

"To wa zai yi?"

Bai taɓa tambayar kansa ba. Ya kwance buhun ya shafa tsakiyar dutsen, inda hannun matarsa ya cinye shi har ya yi kwari.

"Doña Tecla," ya ce a hankali, "kina da sauran jiƙaƙƙiyar masara? Ki ɗan niƙa min. Ƙarar kawai nake so na ji."

Ta ɗebo masara cikin tafi, ta durƙusa, ta kama ɗan dutsen. Cirilo ya lumshe ido.

Dutsen ya yi ƙara. Amma hannun Tecla gajere ne mai sauri, tana tura shi kamar mai korar kaji. Micaela kuwa ja take yi mai tsawo, ta ɗan tsaya, sannan ta dawo. Ya saurara, ya ƙara saurara, ko zai tsinci wani abu a tsakani. Bai tsinci komai ba. Wata mata ce kawai take niƙa masara.

"Dutse mai kyau," in ji Tecla tana share goshi. "Yanzu ba a sassaƙa irinsa."

"Ki riƙe shi."

"Haba, Don Cirilo!"

"Ki riƙe. Kada dai ki bar shi a ruwan sama."

Da jirgin baya ya iso, matuƙin ya karɓi ƙunshin, sannan ya kama tsohon ta hammata ya tsallakar da shi ciki ba tare da ko nishi ba.

"Kayanka ke nan, Baba?"

Cirilo ya zauna a tsakanin buhunan albasa, ya ɗora hannuwansa a gwiwa.

"Ke nan," ya ce.