Furen Tekun Malam Is'haƙa

Ƙarfe biyu na rana, zafin bazara ya danne Dogon Dutsi, kuma tun hantsi aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Idi mai walda yana zaune bakin gadon maƙwabcinsa Malam Is'haƙa, ido ɗaya a kan majinyacin, ɗaya a kan akwatin gilashin da ke kusurwar ɗaki.

Shekara ashirin Malam Is'haƙa ya yi yana jan kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Kwatano. Da ya ajiye tuƙi, abin da ya zo da shi gida ke nan: akwati cike da ruwan gishiri, da wata halitta manne da dutse, mai yatsu masu laushi da ke kaɗawa. Furen teku yake kiranta. Yau ta naɗe yatsunta, ta dunƙule. Ɗan injin da ke hura mata iska yana aiki da batir, ƙararsa sai raguwa take.

"Ruwa," in ji Malam Is'haƙa.

Matarsa Habsatu ta kai cokali bakinsa. Ya kawar da kai.

"Ruwa... ya sauka."

Yayarsa Rahina, wadda ta zo daga Lugu jiya, ta gyara lulluɓi. "Kun jiya ko? Abin ga shi ka kiran shi. Iska ce cikin kwalba. A zubas da ita ƙanena ya samu sauƙi."

"Inna, dabba ce," in ji Idi. "Da hannuna na taɓa ba ta ɗan kifi."

"Dabba? Ina idonta?"

Habsatu ta dubi gilashin. Ruwan ya bar baƙin layin da mijinta ya zana da yatsa biyu. Ta fita da sauri, ta dawo da kwanon ruwa da dunƙulen gishiri a hannu.

"Tsaya, Habsatu," in ji Idi, ya tare bakin akwatin da hannu. Shi ma bai tabbata ba, amma bai taɓa ganin maigidan ya yi haka ba.

"Kauce, Idi! Ruwan teku na, sai da gishiri."

Malam Is'haƙa ya ɗaga yatsa da ƙyar.

"Kar ki sa. Rana ruwa kaɗai taka sha, gishirin shina nan. Ruwa zalla... shuɗin bido... har layi."

Bayan wannan, kalmar shahada kawai aka ji daga bakinsa. Kafin la'asar ya cika.

Washegari da safe, mutane sun cika ƙofar gida ana gaisuwa, Idi ya zame ya shiga da batirin shagonsa a kafaɗa da ƙanƙara a leda. Ya ji Rahina na cewa yau abin zai bar gidan.

Akwatin yana nan. Ya haɗa batir, ya sa ledar ƙanƙara cikin ruwan, ya jawo shuɗin bido, jarkar ruwa zalla, daga bayan ƙofa yana tsiyayawa cikin akwatin a hankali. Rana ta shigo ta taga, ta sauka daidai kan gilashin.

Sai ya ji motsi. Rahina ce tsaye a bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallon layin, da ruwan da ke hawa zuwa gare shi.

"Ya kai," in ji ta. "Bari haka nan."

Ta ciro wani zani daga igiya, ta tsoma shi a bokiti, ta matse, ta rataye a tagar, ta koma wurin mata.

Cikin inuwar, yatsa ɗaya na furen ya miƙe.