Barewar da Ta Ƙi Jin Tsoro

A gidan jinyar namun dajin nan kowa Sabuwa yake kiranta, don ita ce ta ƙarshen zuwa cikin masu koyon aiki. Ta gama karatun likitan dabbobi da burin ɗinke fiffiken shaho da ɗora ƙafar damisa. Abin da ya fara faɗo mata a hannu kuwa wata jaririyar barewa ce mai ƙafafu kamar tsinke, wadda wani direban babbar mota ya tsinta a gefen hanya kusa da gawar uwarta.

Babbar Likita, wadda ke kula da masu koyon aiki, ta ja mata kunne tun ranar. "Ki ba ta madara ki fita. Ban da shafa, ban da surutu."

Sabuwa ta ce to. Amma barewar ta ƙi kama bakin kwalba sai a kan cinya, kuma wa zai riƙe abu yana rawar ɗari a cinyarsa bai ce masa sannu ba? Kafin ka ce me, ta raɗa wa barewar suna Auta. Ta rayu, ta murmure, ƙaho ya fara leƙowa. Sai dai ta tashi da ciwon da ba a yi masa allura: tana son mutane.

Wata safiya Babbar Likita ta tsaya jikin wayar shinge tana kallon garken da ake shirin saki. Sauran bareyin sun watse can ƙarshen fili, Auta kuwa tana tsaye tana taunar gefen farar rigar Sabuwa.

"Motar da za ta kai su daji ta kusa zuwa," in ji Babbar Likita. "Wannan in aka sake ta, maharbin farko da ta gani za ta je ta shinshini bakin bindigarsa. In ba ta koyi gudu ba, gidan zu zan tura ta, ta ƙare rayuwarta a kan siminti yara suna tsokanarta da kara. Ke kika ɓata, ke za ki gyara."

Daga nan Sabuwa ta shiga uku. Ta samo bokitin ƙarfe da sanda, ta shiga filin tana ƙwala shi har kunnenta ya toshe. Auta ta zo ta cusa kai cikin bokitin, ko an zo da dusa. Ta jawo tiyo ta feshe ta da ruwa, Auta ta lumshe ido ta juyo ɗaya gefen a wanke mata. Ta aro lema ta buɗe mata ita fat a fuska, Auta ta cinye igiyar lemar.

Sai ta nemi taimakon Dogo, abokin koyon aikinta, wanda ba ya ƙin duk abin da zai raba shi da wankin kejin birai. Ya sa baƙar rigar ruwa, ya laɓe bayan tanki, ya yi tsalle ya fito yana kururuwa kamar sabon kamun hauka. Wannan kam ta yi aiki. Auta ta zabura da gudu, ta zo ta ɓuya a bayan Sabuwa.

Dogo ya zube ƙasa yana dariya har da riƙe ciki. Sabuwa ta ji kamar ta shaƙe su duka biyun.

"Ke wai wace irin dabba ce?" ta daka wa Auta tsawa. "Mu mutane ne! Mu muka kashe uwarki! Ki gudu mana!"

Auta ta lashe mata hannu.

A gida ma ba a bar ta ta huta ba. Tana cire takalmi mahaifiyarta ta leƙo daga kicin.

"Yau ma akuyar kika kora?"

"Barewa ce, Mama."

"Ni da na cika unguwa da cewa 'yata likita ce. Jiya maƙwabciya ta ce ɗanta ya hango ki ta wayar shinge kina buga bokiti kina tsalle. Na ce ba ke ba ce."

"Ni ce."

"To ki tafi mata da ƙanenki. Ko ni da na haife shi in na ji muryarsa ɗaki nake shigewa."

Sabuwa ba ta yi dariya ba. Ta taɓa zuwa gidan zu ɗin. Ta ga wata barewa a can tana zagaye keji, har kofatonta ya goge hanya a siminti.

Ana gab da zuwan motar, ranar sa alama ta zo. Duk dabbar da za a saka sai an ɗebi jininta, an huda kunnenta an maƙala mata lamba. Ma'aikata suka shigo da raga suka yi ta fama da garken, ana kamawa ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Auta, Babbar Likita ta ce a naɗe ragar. Ta miƙa wa Sabuwa sirinji da abin huda kunnen.

"Kira ta."

"Likita, don Allah a bar Dogo ya yi."

"In Dogo ya yi, wurin wa za ta gudo?"

Sabuwa ta karɓi kayan. Ta durƙusa ta kira, Auta ta taho da ɗan tsallenta. Tana isowa Sabuwa ta cafke ƙafafun ta kayar da ita, ta danne wuyan da gwiwa kamar yadda aka koya musu. Tana jin zuciyar dabbar tana bugawa a ƙaurinta. Ta ɗebi jinin, ta kama kunnen da ta saba sosawa, ta matse ƙarfen. Auta ta yi wani kuka da Sabuwa ba ta taɓa sanin barewa tana yi ba. Ana sakinta ta yi karo da waya, ta miƙe, ta shige tsakiyar garken.

Washegari Sabuwa ta shiga filin da ciyawa, Babbar Likita da Dogo suna kallo daga waje. Garken ya watse. Auta ta bi su, sai ta tsaya a tsakiyar fili ta juyo, sabuwar lambar tana reto a kunnenta. Ta miƙo wuya. Ta yi taku ɗaya zuwa gaba.

Sabuwa ta san abin da ake tambayarta, kuma amsar da take so ta bayar tana nan a bakinta. Ta jefar da ciyawar, ta buga ƙafa a ƙasa, ta yi kanta da gudu tana ihu da iyakar ƙarfinta. Auta ta juya. Ita ce ta riga kowa isa ƙarshen filin, kuma ba ta sake waiwayowa ba.

"Madalla," in ji Babbar Likita. "Wannan za ta shiga mota."

Dogo ya fara tafi. Sabuwa ta watsa masa harara, ya mayar da hannuwansa aljihu. Ta fito ta rufe ƙofar wayar, ta daɗe tana kokawa da sakatar da ba ta taɓa ba ta wahala ba. Haushi take ji, na Auta, na Likita, na direban da ya tsaya tun farko, kuma hawaye sun ƙi bari ta ga ramin sakatar.

"Likita," ta ce ba tare da ta juyo ba, "in aka sake kawo jaririya, ki ba Dogo."

"Ke zan ba," in ji Babbar Likita. "Ai yanzu ne kika iya."