Agwagin Kaka Sarpin

Shekara arba'in Kaka Sarpin yana kiwon agwagi a gonakin shinkafa bayan girbi, kuma bai taɓa kuskuren ƙidaya ko ɗaya ba. Shi ya sa duk aikin gida na lissafi, jikarsa Kinanti wurinsa take kawowa. Boko dai bai yi ba, amma a nan ne yake nuna mata cewa tsoho ma yana da rana.

Ranar Talata yarinya ta dawo fuska a kumbure, ta dangwarar masa da littafi. Ga jan biro ya zana ƙaton sifiri.

Tambayar kuwa mai sauƙi ce. Wani mutum yana da agwagi 412, ya sayar da 187, a kimanta saura nawa. Kaka ya ce 225, ta rubuta. Ashe malama cewa ta yi a mayar da kowace lamba ɗarin da ta fi kusa da ita, a cire ɗari biyu daga ɗari huɗu, a ce wajen ɗari biyu.

Tsoho ya yi tsalle ya dire. Agwagwa ashirin da biyar fa! Malamar ce ta soye su?

Kinanti ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce daga yau gidan maƙwabta za ta riƙa kai aikinta, can akwai mai waya. Wannan magana ta ƙona masa rai ƙwarai, ko shinkafarsa bai iya ƙarasawa ba.

Washegari da hantsi ya kora garkensa da doguwar gorarsa, ya bi ta makaranta, ya bar su a bakin shinge, ya yi sallama a ƙofar aji huɗu. Kinanti ta sunne kai kamar ta shige ƙarƙashin benci. Malama Sumarni ta gaishe shi da ladabi, ta yi masa bayani cewa wani lokaci mutum yana bukatar amsa ta kurkusa da sauri, kafin ya zauna ya ƙirga. Ya ce shi a gidansu ba a yin haka, agwagwa ba yashi ba ce.

Yana cikin zuba sai idonsa ya faɗa taga, ya hango garkensa. Ya yi cak.

"Kai! Ɗari uku da 'yan kai na fito da su, waɗannan ba su fi ɗari biyu da hamsin ba. Wajen hamsin babu!"

Malama ta ɗauki alli ta rubuta maganarsa a allo, yadda ya faɗe ta, sannan ta tambayi aji me tsohon nan ya yi yanzu. Yara suka amsa baki ɗaya cewa kimantawa ya yi.

Kunya ta rufe Kaka Sarpin. Can bayan aji kuwa ana jin kwakwazon ɓatattun, sun samu lambun alayyahon hedimasta sun buɗe ciki.

Ya juya zai ruga ke nan ya ji muryar Kinanti tana gaya wa ta kusa da ita, da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Kakana ne fa. Kuma kin ga ko fensir bai riƙe ba."

Tsoho ya dakata a bakin ƙofa. Alayyahon hedimasta yana ta ƙarewa, amma sai da ya tsaya ya ji ta maimaita wa na bencin baya.