Haƙoran Amarya

Jirgi na ɗaga kai sama, amarya ta ji kamar an soka mata allura daga haƙoran gaba har tsakar ka. Ta damƙe hannun angonta sai da farcenta ya shige masa fata.

"Amarya, tsoro ne? Ina cika bakin da aka yi mana jiya?" ya ce yana dariya.

Tana juyowa dariyar ta maƙale masa. Hawaye shaɓe-shaɓe, leɓen sama ya tasa, ga jini yana tsattsafowa a gefen haƙoran nan farare tas da 'yan biki suka yi ta yabo. Ma'aikaciyar jirgi ta kawo ruwan sanyi. Kurɓa ɗaya amarya ta yi, ta saki ƙarar da ta sa fasinjoji waiwayowa. Tafiyar hutun amarci ce fa, ko gajimare ba su gama ratsawa ba.

* * *

Haƙoranta na asali ba abin da suka yi wa kowa. Ɗaya ne ya ɗan hau kan ɗan'uwansa, shi ke nan laifinsu. Amma gwaggonta, wadda ko a goshin jariri sai ta gano aibu, ta kafa mata ido ana dab da biki.

"'Yar nan, da wannan bakin za ki tsaya gaban masu hoto? Tashi mu je, kada ki ba mu kunya."

Ba asibiti ta kai ta ba. Shagon kwalliya suka je, can ƙurya bayan labule, tsakanin injin busar da gashi da kwalaben man shafawa. Anti mai shago ta kwantar da ita a kujerar wanke kai, ta ɗauko ɗan injin da take goge wa mata farce, ta ce sama-sama kawai za ta taɓa. Ta goge haƙoran, ta shafa gam, ta manna musu fararen rufi a jere.

"Anti, bayan biki zan hau jirgi. Ba matsala?"

"Ko duniyar wata za ki, Allah ya kiyaye hanya."

Ranar biki haƙoran sun yi ta tsuka, ta haɗiyi magani ta ci gaba da murmushi.

* * *

Daga filin jirgi asibiti suka wuce, da akwatunansu da komai. Likitar haƙori, wata dattijuwa mai tabarau, ta yi mata allurar kashe zafi, ta ɓamɓare rufi ɗaya. Sai ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"'Yata, wa ya yi miki wannan aikin?"

Ango ne ya amsa, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce a shagon kwalliya aka yi. Likita ta yi salati. Ta ce iska ce ta maƙale ƙarƙashin rufin, da aka yi sama ta kumbura ta danne jijiya. Amma jirgi tona asiri kawai ya yi, tun a ƙasa ruɓa ta fara. Ta ɓamɓare sauran, ta miƙa mata madubi.

Amarya ta duba. Inda haƙoranta suke, wasu 'yan tsinkaye ne kamar ƙwayar shinkafa, sun yi baƙi daga tushe. Ta taɓa da harshe, ta kasa yarda bakinta ne.

"Likita, amma za su sake fitowa ko?" in ji ango, babban mutum da gemunsa.

"Haƙorin babba ba ya tsirowa, ɗana. Na gaban nan sai dai cirewa."

Aka cire, aka cusa mata auduga, aka ce ta cije kada ta yi magana. Tana kwance wayarta ta yi ƙara. Autar gidansu ce. Ango ya ɗaga, ya kara mata a kunne.

"Yaya! Kun sauka lafiya? Albishirinki! Gwaggo ta kawo mu wurin Anti, ni da ƙawayena. Kowaccenmu irin naki take so. An gama goge min na sama, saura na ƙasa. Yaya? Kina ji na?"

Amarya ta yunƙura za ta yi ihu, audugar ta cika mata baki, sai gurnani. Can cikin wayar ta ji Anti na cewa, "Ajiye wayar nan, buɗe baki."

Injin ya tashi.